Zumunta a Ƙafa Take: Ina Makomar Wanda Ƙafarsa Ta Shanye?

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Magana ce da ake jefa wa ɗan'uwan da ya yi nisan kiwo, wanda yake aiko da gaisuwa a bakin matafiya alhali hanya a buɗe take. Abin da ake nufi shi ne, ƙaunar da ba ta tashi ta taka ba, ba a sa ta a lissafi. A kan wannan ma'auni aka gina gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa da dubiyar maras lafiya, kuma da shi ake gane wanda ya riƙe dangi da wanda ya yar da su. Sai dai maganar ta ɗauka cewa kowa yana da ƙafar. Ba ta ce komai ba a kan mutumin da ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari rabin jikinsa ya daina amsa kiransa. Tambayar da nake son fuskanta ke nan: idan ciwo ya raba mutum da ƙafarsa, aka haɗa shi ta wayar salula da waɗanda ciwo ɗaya ya kayar, suna jin muryoyin juna daga garuruwa daban-daban, shin wannan zumunta ce ta gaske, ko kuwa dabara ce da masu lafiya suka samu ta sauke nauyin da ke wuyansu ba tare da sun motsa ba?

Ƙasar da ciwon

Daga Bagudo na ɗauko tambayar, domin can ne mahaifata. Ƙaramar hukuma ce a kudu maso yammacin Jihar Kebbi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 230,000, warwatse a ƙasa mai faɗi da kogin Kwara ya ratsa. Daga Zagga zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, rayuwar mutane tafiya ce: manomin shinkafa zuwa fadama, masunci zuwa bakin ruwa, makiyayi a bayan garke, ɗan kasuwa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Iyakar Jamhuriyar Benin kuwa layi ne da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a tsakiyar dangi. Hausawa da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulanin wannan ɓangare suna da 'yan'uwa da surukai a Segbana da Malanbil, suna ciniki da naira da sefa a rumfa guda. A irin wannan ƙasa, wanda ya rasa ƙafa ya rasa sana'a da majalisa da sahun masallaci a rana ɗaya.

Ciwon da muke kira shanyewar ɓarin jiki a ƙwaƙwalwa yake aukuwa, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da wani sashen ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe. Ko wanne ne ya faru, sashen da aka yanke wa jini yakan fara mutuwa cikin mintoci. Kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake sarrafawa, kuma da yake a wurin yawancin mutane cibiyar magana a hagu take, waɗanda damansu ya shanye su ne suka fi rasa harshe. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya mutum ɗaya cikin huɗu da suka haura shekara 25 zai gamu da ciwon a rayuwarsa. A nan gida, binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nazarci marasa lafiya sama da 2,000, kuma sakamakonsa da ya fito a 2018 ya nuna hawan jini ne uban tafiya, da tazara mai nisa. Matsakaicin shekarun waɗanda ciwon ya kama bai kai 60 ba. Magidanta ne ke nan da iyayen gida, waɗanda ake ci daga guminsu.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga ciwon suna faɗawa cikin ciwon damuwa mai tsanani: barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, mutum ya ji zamansa a duniya kaya ne a kan iyalinsa. Wasu kuma kuka ko dariya yakan kufce musu ba da nufinsu ba, domin lahanin ya taɓa inda ake kame motsin rai. A ƙauyukanmu irin wannan yakan ƙarfafa zargin jifa ko bugun iska, sai a bar maganin hawan jini a koma hayaƙi. Damuwar kuwa ba a zuciya take tsayawa ba. Wanda ya yanke ƙauna ba ya jure wahalar motsa gaɓar da ta shanye, ba ya kula da shan magani, kuma ta nan ciwon yakan sami ƙofar dawowa.

Wa zai saurari wannan mutum? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Mutumin Lolo da ke neman ƙwararre sai ya nufi Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko asibitin tarayya na Kware. Tafiya ce ta sa'o'i, da kuɗin motar mutum biyu ko uku, domin wanda ba ya iya tsayuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Ga kuma sunan da jama'a suka laƙaba wa irin wannan asibiti, wanda dattijo zai gwammace mutuwa da a ce an gan shi a ƙofarsa.

Abin da dubiya take bayarwa da abin da take hanawa

Wani zai ce: ai mu ba Turawa ba ne, maras lafiyarmu ba ya kwana shi kaɗai. Akwai gaskiya a nan, kuma abin alfahari ce. Addini ya lissafa dubiya cikin haƙƙoƙin da ke tsakanin Musulmi, al'ada kuma ta mayar da ita bashi. Ranar da magidanci ya faɗi, ƙofar gidansa takan cika da takalma. Wannan ya kawo fura, wancan ya cusa 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi, liman ya yi addu'a. Babu asibitin da zai iya sayar da irin wannan.

Amma a saurari yadda dubiya take gudana. Mai zuwa ya ce, "Sannu, yaya jiki?" Maras lafiya ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Mai zuwa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, sai haƙuri." An rufe zance. Amsar a shirye take tun kafin a yi tambayar, har wanda ke gargarar mutuwa ma da sauƙi yake cewa. Wannan tsari yana da hikimarsa, domin yana suturta maras lafiya, yana kuma hana mai dubiya tsoma baki inda ba a gayyace shi ba. Ga zazzaɓin kwana bakwai ya wadatar. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ciwon shekaru ne. Takalman ƙofa sukan ragu bayan mako biyu, kafin wata uku sai na 'yan gida, kuma a daidai lokacin ne mutum yake fara gane cewa hannun nan mai yiwuwa ba zai dawo ba.

A laccar da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake auna nagarta da su, ciki har da haƙuri da kunya da karamci da mutunci. Abin lura shi ne yadda wannan ciwo yake sa halayen su yi karo da juna. Haƙuri ya ce kada ka yi ƙorafi. Kunya ta ce kada ka faɗa wa ɗanka abin da kake ji lokacin da yake ɗaukarka zuwa bayi. Karamci kuwa, wanda shi ne ginshiƙin mutuncin magidanci, an ƙwace shi gaba ɗaya, domin mai bayarwa ya koma mai karɓa, safe da yamma, ba ranar ramawa. A ganina a nan ne ciwon ya fi cizo. Mutum yana iya jure raɗaɗi da talauci, amma da wuya ya jure zama wanda ba a bukatar komai daga gare shi.

Na ga wannan a kan kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin hatsi da ya shafe fiye da shekara ashirin a kasuwar Tsamiya. Hagunsa ne ya shanye, don haka harshensa ya tsira. Ba a rage shi da komai ba na abinci da magani da addu'a, amma bayan 'yan watanni sai ya juya fuska ga bango, ya ce a riƙa cewa yana barci. Wata rana da na matsa masa, sai ya ce da ni: "Ɗan nan, duk wanda ya shigo ɗakin nan ni nake lallashinsa, in ce da sauƙi don hankalinsa ya kwanta. Tun da na kwanta babu wanda ya tambaye ni ko nawa buhun gero zai kai bana." Mutumin da 'yan kasuwar ƙasashe biyu suke jiran bakinsa kafin su yanke farashi ya zama abin a zo a gani a tausaya.

Murya daga nesa

Irin wannan giɓi ne ya sa masana a wurare da dama suka fara tunanin haɗa masu ciwo ɗaya wuri guda, ko da wurin ba ɗaki ba ne. A Jami'ar Mancesta ta Ingila an tsara wani shiri mai suna WAterS tare da waɗanda suka tsira daga ciwon, aka wallafa sakamakon gwajinsa na farko a 2024. Ƙaramin rukuni ne yake haɗuwa ta intanet sau ɗaya a mako har mako tara, ƙarƙashin jagorancin ma'aikatan da aka horar. Tushensa wata hanyar magani ce da Steven Hayes ya assasa a Amurka a shekarun 1980, wadda take koya wa mutum ya daina kokawa da abin da ba zai sauyu ba, ya tambayi kansa me ya fi daraja a wurinsa, sannan ya nemi ɗan matakin da zai iya ɗauka zuwa gare shi da jikin da ya rage masa. Gwaji ne ƙarami, wanda ya nuna abin yana yiwuwa, ba wai ya yanke hukunci a kan amfaninsa ba.

Afirka ma ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, domin ya yi imani cewa zama cikin mutane magani ne. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya sha ba da labarin wata maras lafiyarsa da ta kashe kanta saboda iyalinta ba su da kuɗin motar kawo ta Harare. Daga baya ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da cewa hanyar tana rage ciwon ƙwarai. A Kumasi ta Gana an gwada bibiyar mutum 60 da suka tsira daga shanyewar jiki ta waya, ma'aikatan jinya suna lura da hawan jininsu daga nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da tsarin zama biyar na rukuni wanda wanda ba likita ba zai iya jagoranta idan an horar da shi. Darasi biyu ne a nan: sauraro ba sai da babban digiri ba, kuma nisa ba dole ne ya zama ƙarshen zance ba.

Abin da ya faru da kawuna bai kai ko kusa da waɗannan tsare-tsare ba. Wani tsohon abokin cinikinsa a Segbana, wanda ciwon ya riga shi kamawa da shekara biyu, ya ji labari ya kira shi. Mutanen bakin iyaka da yawa suna riƙe da layin waya na ƙasashen biyu, don haka kiran bai yi wuya ba. Daga baya suka jawo wani tsohon malamin firamare daga Ka'oje, aka riƙa haɗa kiran su uku duk Juma'a bayan la'asar. Ni aikina in tabbatar da caji da kati, in ja ƙofa in ba su wuri. Abin da ya riƙa tsallako ƙofar ya ishe ni shaida. Suna koya wa juna yadda ake ɗaure wando da hannu ɗaya, da yadda ake alwala a zaune. Suna faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban 'ya'ya. Na ji mutumin Segbana yana cewa, "Alhaji, kukan nan da ke zo maka ba dalili, ni ma na yi shi wata shida. Ciwon ne, ba imaninka ne ya ragu ba." Bayan wani lokaci aka shigo da wani matashin masunci da ciwon bai daɗe da kama shi ba, sai ga kawu shi ne mai ba da shawara, har yana tsawatarwa a kan shan magani. Hannunsa bai dawo ba har yau. Amma ya bar kallon bango, domin ranar Juma'a akwai mai jiransa.

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da waɗannan mutane suka ba juna, mai lafiya ba shi da shi, komai ƙaunarsa. Idan ni na ce wa kawu ya yi haƙuri, magana ce daga wanda zai tashi ya fita da ƙafafunsa. Idan mutumin Segbana ya faɗa, shaida ce. Sama da haka, a cikin rukunin kowa mai karɓa ne kuma mai bayarwa, kuma ta nan karamcin da ciwo ya ƙwace yake samun hanyar komowa.

Hujjojin masu ja

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a nan, domin masu shakka suna da hujjoji masu nauyi. Ta farko ita ce wadda na faro da ita. Murya ba ta juya maras lafiya a kan shimfiɗa don kada bayansa ya yi gyambo, ba ta wanke shi, ba ta riƙe kafaɗarsa yana koyon taku. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi kuwa a kiran murya babu fuskar. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ɗa da ke Abuja ko Kwatano ya sayi waya ya aiko, ya ji ya sauke farali. Hukuma ma tana iya yin irin wannan lissafi, ta ga katin waya ya fi gina sashen gashi da ɗaukar ma'aikata araha, sai ta miƙa wa talakan karkara murya, ta bar wa na birni likita. Idan haka ta faru, fasaha ta zama mayafin rowa.

Ta biyu ita ce sirri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidajenmu waya ɗaya takan ratsa hannu biyar, kuma wanda hannunsa ya shanye sau da yawa sai an riƙe masa ita, ko a buɗe sautinta kowa yana ji. Yaya matar aure za ta faɗi tsoronta na a yi mata kishiya saboda ciwonta, alhali wayar ta mijin ce, ɗansa kuma shi ke riƙe da ita? A ƙaramin gari, kalma ɗaya da ta fita daga rukuni ta isa ta zubar da mutuncin gida.

Ta uku ita ce waɗanda za a bari a baya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo sukan sami matsalar magana ko fahimtarta, kuma hanyar da aka gina a kan zance su take fara rufe wa ƙofa, alhali su suka fi kowa kaɗaici. Akwai tungayen bakin kogi da rugage inda sai an hau tudu ake samun sabis. Akwai tsohuwar da ba ta iya buɗe cikinta sai da Dandanci ko Fulatanci. Kuma mun ga yadda a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Abin da aka rataya a kan sabis yana iya yankewa a dare ɗaya.

Ta huɗu ita ce rukunin da ba shi da jagora yana iya zama kasuwar jita-jita. Wani zai zo da labarin mai maganin da ke tayar da shanyayye cikin kwana bakwai, a bar ƙwayar hawan jini, a sayar da akuya. Yanke ƙauna ma tana yaɗuwa kamar yadda ƙarfin zuciya yake yaɗuwa. Idan wani ya furta cewa ya gaji da rayuwa, dole a sami wanda ya san abin yi da inda za a kai shi.

Akwai ta biyar, wadda ba a cika faɗinta a fili ba: shin zama a riƙa zayyana ciwo bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba? A nan ina ganin mun haɗa abu biyu da malamai suka raba, wato fushi da hukuncin Allah da kuma faɗin raɗaɗi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, Annabi Ayuba ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma su biyun su ne ake buga misalin haƙuri da su. Haƙurin da muke ɗora wa marasa lafiyarmu sau da yawa shiru ne kawai, kuma amfaninsa ga mai dubiya yake komawa, don kada a ɗora masa abin da zai hana shi barci. Karɓar abin da ya auku, sannan a tashi a yi abin da ya rage a iya yi, ya fi kusa da tawakkali fiye da juya fuska ga bango.

Inda na tsaya

Idan aka auna waɗannan hujjoji, za a ga babu wadda ta ce haɗuwar masu ciwo ta waya ƙarya ce. Abin da suke cewa shi ne ba ta isa ita kaɗai ba, kuma tana iya lalacewa a hannun malalaci. Wannan ya mayar da ni ga karin maganar. Me ya sa magabata suka ɗora zumunta a kan ƙafa? A zamaninsu ƙafa ita ce tsadar da mutum yake biya: rana da ƙura da yinin da aka bar gona. Abin da suke aunawa shi ne wahalar da ka ɗauka saboda wani. Idan haka ne, mutumin da ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ajiye kunyarsa, ya buɗe cikinsa don wani mai ciwo a hayin iyaka ya sami sauƙi, ya biya tsadar da ta fi ta mai tafiya. Zumuntarsa ta gaske ce. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, masu ƙafafu ma suka ji yadda katanga take tsakaninsu da danginsu. Shanyayye kullum a bayan irin wannan katanga yake, kuma ba daidai ba ne mu raina ƙofar da ta buɗe masa don kawai ba irin tamu ba ce.

Amma hukuncin ya bambanta ga mai lafiya. Shi karin maganar yana nan a kansa daram, ba a ɗauke masa ko taku ɗaya ba. Rangwamen na wanda ba ya iya tafiya ne, kamar yadda sallar zaune take ga wanda ba ya iya tsayuwa. Hasali ma wayar sabon aiki ta ƙara wa ƙafafunmu, domin sai wani ya taka ya kai ta caji, ya sayo kati, ya gyara wa maras lafiya zama, sannan ya san lokacin da zai fita ya ja ƙofa. Dubiyar kanta tana bukatar gyara. Mai zuwa ya zo a wata na shida kamar yadda ya zo a makon farko, ya zo da tambayar da maras lafiya ya san amsarta, ya nemi shawararsa a kan gona ko auren 'ya, ya kuma iya zama shiru idan amsar "yaya jiki" ba ta zo da sauƙi ba.

Abin da nake roƙo ga Bagudo ba ya bukatar sabon gini. A horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocinmu a kan sauraro da gane alamun haɗari, kowannensu ya riƙe rukunin mutum biyar ko shida ta kiran murya, wanda ƙaramar waya ma tana ɗauka. Maza daban, mata daban da jagora mace, kowane rukuni da harshen da mutanensa suke mafarki da shi. A fara kowane zama da alkawarin riƙe sirri. Waɗanda harshensu ya sarƙe a bi su gida, a ba su lokaci da hoto da ishara. Masu jinya, waɗanda yawancinsu mata ne da 'yan mata da aka cire daga makaranta, su ma a ba su nasu zaman, domin gajiyarsu ba ta da mai dubiya. A ɗaure duk wannan da awon jini a kai a kai da hanyar miƙa wanda ya tsananta ga likita, don kada muryar ta zama madadin magani. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara duniya takan tuna da wannan ciwo. Ya kamata hakimai da limamai da shugabannin kasuwanninmu su san da ita, su sa a auna jinin jama'a a bakin masallaci da tashar mota.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Galibi masu hannu biyu ne suke faɗin haka, suna nufin a taimaka musu. A garuruwanmu akwai mutanen da hannu ɗayan ne kawai ya rage musu, kowanne a kwance a ɗakinsa, wani a Illo, wani a Zagga, wani a hayin iyaka, kowanne yana zaton shi kaɗai ne. Haɗa su ba ya sauke mana nauyin zuwa gare su, kuma zuwanmu ba ya ba su abin da za su ba juna. Duka biyun haƙƙinsu ne, kuma mu masu ƙafafu za a tambaya.